Iskar Cikin Gwangwani

Da hantsin Asabar Noreen Tackett ta daina yaudarar kanta. Tun ranar Laraba gwangwaninta yake cikin tukunyar sanyi, nutron, wasu 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashin zarra, na dukansa babu hutu, amma abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta dagwalo ne kawai, layi mai kumburi nan da can kamar kunun da aka dama da gaggawa. Ta goge tabarau, ta mayar, ta sake duba. Bai canza ba.

Ba ƙaramin abu ta zuba a gwangwanin nan ba. Noreen ɗalibar ilimin haɗa sinadarai ce a wata jami'a a Ohio. Ta haura talatin, ta cinye shekarun da jami'a ke ba mai neman digirin dakta, har da ƙarin da aka yi mata don tausayi. Watan Disamba ne iyaka. In ba ta kawo sakamako kafin nan ba, sai ta tattara ta koma gabashin Kentucky inda ta fito, da furfura a goshi da hannu wofi.

Abin da ta ƙarar da shekarun a kansa shi ne renon wasu 'yan ƙwayoyi kore masu sheƙi, kiristal, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. A cikinsu ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe suke zaune uku-uku kamar duwatsun murhu, kowanne ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. Halinsu kuwa, babu wanda ke yarda ya fuskanci inda maƙwabcinsa ya fuskanta. In su biyu ne magana ta ƙare, wannan ya dubi sama, wancan ya dubi ƙasa. To na ukun fa? Duk inda ya juya sai ya yi daidai da ɗaya. Yadda suke sasanta wannan rigima ba ya bayyana sai an sanyaya su har kusa da inda sanyi ya ƙare, zafi ya daina girgiza su. Sannan a harba musu nutron, a auna gudun da ya shiga da shi da wanda ya fito da shi. Lissafin Noreen ya ce za a ga tudu guda a kan layin, kuma tudun zai tsage biyu. Tsagar nan ita ce digirinta.

Wurin wannan harbi kuwa layi ake bi. Ta nema aka hana ta, ta sake nema aka ba ta 'yan kwanaki a wutsiyar zango, a babbar ma'aikatar da ke kan tudu a Tennessee. Da safiyar Litinin za a kashe bim, wato kwararar nutron ɗin, a shiga gyaran da zai kai bayan sabuwar shekara.

Tana cikin wannan zama sai Milan Havranek ya turo ƙofa. Shi ne masanin da ke riƙe da na'urar, dogo mai sanƙo, ya zo da gajeren wando da kular abincinsa a hannu.

"Kuku, yaya miyar?" in ji shi. Haka yake kiran duk mai haɗa sinadarai.

"Milan, ba wasa nake ba. Zo ka duba."

Ya ajiye kula, ya sunkuya. Kwanakin nan yana can yana fama da wata na'urar da ta ƙi aiki, leƙe kawai yake yi mata ya wuce. Yau ya tsaya. Ya ce ta haɗa duk abin da aka tara wuri guda, ta buɗe masa ɓangaren hagu na layin, wanda ita ba ta damu da shi ba. Ya daɗe yana kallo.

"Mitar sanyi me ta ce?"

"Ta ce an kai ƙarshen sanyi. Tun Laraba ba ta motsa ba."

"Mita a jikin sandar da ke riƙe da gwangwanin take, ba a cikin gwangwani ba. Dubi nan. Waɗannan sun fito da gudun da ya fi wanda suka shiga da shi. Wa ya ƙara musu? Abu in ya yi sanyi na gaske ba shi da abin bayarwa, karɓa kawai ya sani. Naki kuwa rabon kyauta yake yi kamar ɗan takara."

"Me kake nufi?"

"Duwatsunki ba su yi sanyi ba, Noreen. Ko kusa." Ya miƙe, ya shafa sanƙonsa. "A ina kika rufe gwangwanin?"

"A ɗakin aikinmu, a Ohio. Cikin rufaffen akwatin nan da ake zura hannu ta safa a yi aiki."

"Ran da kika iso na tambaye ki ko kin sa masa iska, kika ce e."

"Na sa mana! Argon, mai tsabta, sabuwar tukunya na sa aka..."

Ba ta ƙarasa ba, don ta ga fuskarsa. Milan ya jawo kujera ya zauna a hankali kamar tsoho.

A nan kuskuren yake, kuma a faɗi gaskiya, ba kuskuren malalaci ba ne. Kiristal ɗin Noreen da ruwa a jikinsu suke rayuwa, wani ruwa mai nauyi da ake nema da wahala, don ruwan famfo makantar da na'urar yake yi. Da sun sha iskar waje sai su bushe, su yi fari, su zama gari. Saboda haka duk rayuwarta ta aiki a ƙarƙashin argon ta yi ta, iskar da ba ta cin komai, ba ta taɓa komai. Ga mai haɗa sinadarai, in an ce iska mai aminci, ita ake nufi. Ta manna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a kan faifan alminiyam da bakin burushi, kowanne ya fuskanci gefe guda, aikin da ya ci mata damina sukutum da rabin ganinta. Ta jera faifan a gwangwani, ta ɗiga ruwansu, ta rufe a cikin iskar da ta amince da ita. Amma a wannan gida in an ce iska, hiliyom ake nufi, don ita kaɗai ke zama iska a irin wannan sanyi, ita ke kwasar zafi daga ciki ta kai bango. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ke faɗa.

"Argon ɗinki ya daskare ya manne a bango tun ranar farko," in ji Milan. "Ba abin da ya rage a tsakani. Kin san fulas na shayi? To shi kika ƙera. Kuma kin iya ƙira, na ba ki wannan."

Noreen ta riƙe bakin tebur.

"Duk abin da muka tara fa?"

"Shara."

"To a gyara."

"Gyara ɗaya ne. A ɗumama tukunya, a fito da shi, a buɗe, a zubar da argon, a sa hiliyom, a rufe, a mayar. In komai ya tafi daidai, ki samu yinin Lahadi. Amma ke kika ce mini ba sa son a buɗe su."

"Ba sa so."

"To kira maigidanki."

Ta fita bayan ginin inda waya ke kamawa. Zafi ya rufe ta kamar jiƙaƙƙen bargo, gyare na ta tsaga kunne daga cikin itatuwa. Farfesa Rasmussen, malamin da ke duba aikinta, yana hutu a bakin wani tafki can arewa, sai da ta kira ta sake kira kafin ya ɗauka. Tana jin ruwa na dukan cikin kwalekwale. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

"Argon," in ji shi. "Argon, Noreen."

"Na sani, Farfesa."

"To ji nan. Kada ki taɓa murfin nan. A yadda suke yanzu lafiyarsu ƙalau, ko ba haka ba? Ki dawo da su gida. Mu yi abin a tsanake, mu gwada da ƙanana tukuna, mu nemi wani lokacin baɗi."

"Baɗi ba na nan."

"Simone, ɗayar ɗalibata, tana nan. Za ta auna su. Sunanki zai fito a takardar, a gaba ma, na yi miki alkawari."

"Sunana zai fito, ni kuma ina Kentucky ina sayar da maganin ciyawa."

"Kada ki yi mini wannan. Duwatsun nan babu irinsu a duniya. Kin sani, ke kika yi su. Sau nawa muka sake gwadawa suka ƙi fitowa? Ba naki ba ne ke kaɗai, na ɗakin aikina ne. In kika buɗe su a gaggauce a gidan mutane, da hannu na rawa, kika mayar da su gari, ba digiri, ba takarda, ba komai ga kowa."

"In ban buɗe ba, ni ce ba komai."

"Zan yi magana da shugaban sashe."

"Kun yi magana bara. Ya ce wannan ne na ƙarshe, a gabana ya faɗa."

Ya ja numfashi. "Na gaya miki abin da za ki yi. Ki bar murfin."

Ya kashe. Ta tsaya riƙe da waya, gumi na bin bayanta. Mutumin ba azzalumi ba ne, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Wannan ne ya fi ci mata rai. Ta tuna mahaifiyarta da ke gaya wa matan coci cewa 'yarta ta kusa zama dakta, shekara da shekaru tana faɗa, har matan sun daina tambaya don kunya. Ta zauna a kan dakalin siminti, ta sa kai tsakanin gwiwoyi. Kuka bai zo ba. Abin da ya zo shi ne lissafi: wane sanyi ne zai riƙe ruwan a jikin ƙwayoyin, amma ya bar argon ya zama iska.

Da ta koma Milan yana cin burodi da man gyaɗa.

"Me ya ce?"

"Ya ce kada in buɗe."

"To."

"Ɗumama tukunyar."

Ya daina tauna. "Kuku."

"Ba sai ta kai zafin ɗaki ba. In na riƙe gwangwanin a busasshiyar ƙanƙara, wadda ta fi ta ruwa sanyi nesa, ruwan ba zai tashi ba. In buɗe shi da sanyinsa cikin jakar leda mai hiliyom, in rufe kafin ya farka."

"Kin taɓa yi?"

"A'a."

"Wani ya taɓa yi?"

"Ban sani ba."

Milan ya naɗe ragowar burodin. "Ni wanda ke tsaye a gabana nake wa aiki. Farfesanki mai kamun kifi bai kira ni ba. Amma ki sani, in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ba."

Ya rufe ƙofar bim, ya kunna ɗumi. Daga nan sai jira, kuma babu jira mai ɗaci irin wannan, kana kallon allon bango yana nuna bim na gudu lafiya lau, naka kuwa a rufe, rabonka na zuba a banza.

Akwai kuma doka. Abin da nutron ya daka yakan riƙa fitar da wani tururi da ido ba ya gani, mai cutar da jiki, sai ya huce da kansa. Ba a matsar da shi ko taku ɗaya sai jami'in awo ya zo ya yarda. Mai aikin ranar, Dewey Spradlin, yana wurin gashin nama na cocinsu. Ya iso bayan azahar da jan miya a gaban riga, gajere mai tumbi, yana tafe kamar an ba shi duk ranakun duniya.

"Mis Noreen, kin raba ni da haƙarƙari," in ji shi. "Ina fata abin ya kai."

"Don Allah, Dewey, yi sauri."

"Sauri ba ya cikin abin da aka ɗauke ni yi."

Suka zaro sandar, gwangwanin na hayaƙin sanyi a ƙarshenta, bai fi kofin shayi girma ba. Dewey ya kai mitarsa kusa. Ta yi ta ƙas-ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa. Ya girgiza kai.

"Bai huce ba. Nan zai zauna."

"Har yaushe?"

"Sai mita ta ce."

"Dewey, zai ɗumama! In ya ɗumama na mutu!"

"Ba ki mutu ba, Mis Noreen. Aikina ke nan, in ga ba ki mutu ba."

"Ni zan ɗauka, hannuna ne, na yafe!"

"Hannunki ne, amma sunana ne. A'a."

Ta yi masa magana mai zafi, irin wadda ba a faɗa wa mutumin da ya girme ka. Ya saurara har ta gama, bai motsa ba. Milan ne ya juye kularsa a ƙasa, tuffa da gwangwanin lemo suka gangara, ya ruga ya ciko ta da busasshiyar ƙanƙara.

"In ya zauna cikin wannan, a nan cikin layinka, ka yarda?"

Dewey ya duba kular, ya duba layin rawaya da ke ƙasa. "In dai bai tsallake ba, ko a cikin hularka ka sa shi."

Haka suka zauna su uku suna gadin kular abinci. Dewey ya ba da labarin wani kare da ya taɓa yi mai tsoron kaji. Ba wanda ya yi dariya, bai kuma damu ba. Can Noreen ta ce, "Dewey, ka yi haƙuri da abin da na faɗa." Ya ce, "Na ji wanda ya fi shi daga farfesoshi." Lokaci-lokaci ya ɗaga murfi ya auna, ya mayar. Sai da la'asar ta yi sanyi ya auna ya ce, "To. Ki sa safa biyu, kuma ina tsaye a kanki."

A ɗakin shirya samfur suka hura jakar leda da hiliyom har ta kumbura kamar tumbin sa, da gwangwanin da kayan aiki a ciki. Noreen ta zura hannuwa. Safa biyu, ga ledar jakar, ga sanyi mai ƙona yatsa: ba ta jin abin da take riƙe da shi. Ta fara kwance sukurorin murfin. Suna ta fita, sai na ƙarshe ya ƙi. Ta murɗa, sifana ta zame. Ta sake, ta zame.

"Kada ki cinye masa kai," in ji Milan. "In kan ya cinye mun gama."

"Na sani! Yi mini shiru!"

Sanyi ne ya ƙanƙame shi. Ba dabara sai ɗumi, ɗumin kuwa shi ne abin da take gudu. Ta dafe sukurun da babban yatsa, ta riƙe, tana jin zafin jikinta na shiga ƙarfen, tana sane da cewa ba a sukurun kaɗai yake tsayawa ba. Da ta sake murɗawa ya yi ƙara ya saki.

Ta ɗaga murfin. Ga su nan a jere, kore shar, yadda ta bar su.

"Kife shi," in ji Milan.

"Me?"

"Argon ya fi hiliyom nauyi. Yana nan kwance a ciki kamar ruwa a kofi. In kika rufe haka kin rufe shi ne a karo na biyu. Kife shi ya zube."

Ba ta yi wannan tunanin ba. Ta dubi faifan. Gam ɗin da ta manna su da shi ya sha sanyi ya sha ɗumi, ba ta san abin da ya rage na ƙarfinsa ba. Ta dafe faifan da yatsa, ta juya gwangwanin a hankali, bakinsa ƙasa.

Da farko shiru. Sai ta ji wani ɗan sauti a kan ledar, tas, tas, kamar farkon yayyafi a kan kwano. Sai ya ƙaru.

"Suna zuba," ta ce. "Milan, suna zuba."

"Riƙe. Kaɗan ya rage."

"Suna zuba!"

"In kika juyo yanzu, waɗanda suka zuba sun zuba a banza. Riƙe!"

Ta riƙe. Tana kallon daminarta na gangarowa ƙasan jaka, waɗanda suka faɗi suna rikiɗa a idonta daga kore zuwa toka-toka. Dewey da ke bayanta ya cire hula. Da Milan ya ce ya isa, ta juyo da shi. Faifan tsakiya suna nan da koren su. Na gefe sun yi gibi kamar bakin tsohuwa, wasu da suka rage a kansu sun fara fari a baki-baki. Ba ta tsaya ƙirga ba. Ta shimfiɗa sabuwar wayar liƙi mai laushi a bakin gwangwanin, ta ɗora murfi, ta ɗaure sukurori ɗaya na fuskantar ɗaya yadda aka koya mata, hawaye na ɗiga a kan ledar ba ta da hannun sharewa.

"Nawa suka rage?" in ji Dewey a hankali.

"Ba su kai rabi ba."

Suka mayar da shi tukunya kafin rana ta faɗi. Milan ya kore ta zuwa masauki, ya ce tukunya ba ta sanyi da kallo.

Da safiyar Lahadi ta riga shi zuwa. Abin da ta fara buɗewa shi ne ɓangaren hagu. Fayau, babu komai. Ba nutron ɗaya da ya fito da ƙarin gudu. Sun yi sanyi. Ta dafe baki.

Amma ɓangaren dama ma kusan babu komai. Ƙwayoyi kaɗan, amsa kaɗan. Ɗigo-ɗigo ne warwatse, kowanne da doguwar sandar shakka a jikinsa, mai nuna awon bai tabbata ba. Ta zo da shirin juya gwangwanin ta fuskoki da yawa, ta auna a sanyi iri-iri. Milan da ya iso ya ce ta manta da wannan duka.

"Fuska ɗaya, sanyi ɗaya. Ki zaɓi inda kika fi yarda da lissafinki, mu tsaya a nan har a kashe. In kin zaɓi wurin da ba shi ba, shi ke nan."

Ta zaɓa. Bayan haka ba abin yi sai kallo. Wajen azahar wani ɗan kumburi ya fara tasowa inda lissafi ya ce. Guda ɗaya, mai faɗi. Tudu guda ba labari ba ne, kowa ya san da shi. Ta ci biskit daga injin sayar da kayan ƙwalam.

Da la'asar hadari ya haɗo daga yamma. Aka yi wata tsawa da ta girgiza ginin, allon bango ya koma ja. Bim ya ɗauke.

Noreen ta miƙe tsaye ta yi ihu, ita kaɗai, a kan allo. Ta fita babban zauren tana zagaye kamar akuyar da aka ɗaure. Masu aiki a sauran na'urori sun fito su ma, kowa ya ɗaga kai yana kallon jan allon. Wani dattijo daga na'urar da ke kusa ya miƙo mata cingam, ta karɓa ba ta san ta karɓa ba. Ta yi addu'ar da rabonta da yi tun tana yarinya, ba ta ma roƙi tsagar ba, cewa ta yi a dawo da wuta kawai. Sai da ruwan ya tsagaita allon ya koma kore.

Da safiyar Litinin aka kashe bim a kan lokacinsa, ba a ƙara wa kowa ko numfashi ba. Milan ya haɗa duk abin da aka tara, ya fitar a fuskar kwamfuta, ya ja baya ya harɗe hannu.

Tudun yana nan. A samansa akwai ɗan lotsawa, kamar an danna kwaɓaɓɓen fulawa da ɗan yatsa.

"Faɗa mini gaskiya," in ji Noreen. "Idona ne?"

Milan ya gwada layi mai tudu ɗaya a kan ɗigon, bai zauna ba. Ya gwada mai biyu, ya zauna. Ya raba abin da aka tara gida biyu, na kafin tsawa da na bayanta, ya duba kowanne daban. Lotsawar tana nan a duka.

"Ya tsage," in ji shi. "Ba kyakkyawa ba ne. Masu jarraba ki za su yi miki ca a kansa, kuma suna da gaskiya. Amma yana nan, zan faɗi haka a gaban kowa. Babi ɗaya ne na kundin digirinki, Kuku, siriri."

Ta fita bayan ginin ta kira Farfesa Rasmussen. Wannan karon bugu ɗaya ya ɗauka.

"Na buɗe," ta ce.



"Bayan na ce kada ki buɗe."

"E."

"Me ya rage?"

"Ƙasa da rabi. Waɗanda suka rage ma wasu sun taɓu. Ba na jin Simone za ta samu abin aunawa."

Ta ji numfashinsa. Ta jira ya yi faɗa, bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ya tsage?"

"Ya tsage. Fuska ɗaya kawai. Milan ya tabbatar."

"Turo mini." Sannan ya ce, "In haka ne, za ki tsaya gaban kwamiti kafin Disamba. Zan sa hannu, don aikin ya cancanta. Amma in kin tashi neman aiki, kada ki ba da sunana a cikin masu shaidarki. In aka tambaye ni, abin da ya faru zan faɗa."

A wannan sana'a, wanda maigidansa ya ƙi yi masa shaida ya san ƙofofi nawa suka rufe. Noreen ta sani.

"Na ji, Farfesa," ta ce.

"Ki tuƙa a hankali."

Da ta koma ciki Dewey ya riga ya auna gwangwanin, ya ɗaura masa alamar rawaya, yana saka shi a kabad mai kwaɗo.

"Wannan zai kwana biyu a wurinmu, Mis Noreen. In ya huce za a aiko muku."

"Ku aika wa Farfesa."

Ta tattara tabarau da caja, ta yi wa Milan sallama, ya ce ta turo masa babin ya duba mata kafin kurayen kwamiti su gani. Ta ce to. Motarta ta yini biyu a rana, sitiyari ba ya taɓuwa. Ta zauna da ƙofa a buɗe tana jira ya huce, tana tunanin jimlar da za ta fara babin da ita.